Gudummawar Da Bluma Ta Kai Gidan Biki

Yahudawan da suka rage a garin Targu Velni ba su isa su cika benci biyu a majami'arsu ba, kuma Bluma Ghelber ce yarinya a cikinsu, ita da ta ba saba'in baya. Tela ce tun tana budurwa. Rabin matan garin a cikin rigar da ta ɗinka aka kai su coci ranar aure, shi ya sa yara da manya Tanti Bluma, wato Gwaggo Bluma, suke ce mata, har da waɗanda idan ta ba da baya sukan yi ƙasa da murya su ce "jidanka", sunan rainin da kakanninsu suka bar musu gado. Tana ji, ba kurma ba ce. Ta dai saba, kamar yadda mutum ke sabawa da ciwon gwiwa.

Mijinta Marcu, mai gyaran agogo, ya rasu shekarun baya, yana kwance a maƙabartar Yahudawa da ke kan tudu bayan tashar jirgin ƙasa. 'Yarsu tilo, Rodica, ta daɗe da barin Romaniya ta koma Isra'ila, can ta yi aure ta haifi ɗa namiji, Yotam. Duk dogon hutu sai an turo shi wurin kaka. Yaron bai iya yaren garin sosai ba, amma ya iya miƙo kwano ya ce, "Kaka, ƙara min," da wannan kaɗai ya gama da zuciyarta. Ya girma ya zama dogon saurayi mai son shuke-shuke, ya kama aiki a wata gonar lemo kusa da iyakar Gaza. A gonar aka harbe shi, safiyar Asabar ɗin nan ta watan Oktoba da 'yan bindiga suka ƙetaro shinge.

Bluma ba ta samu zuwa jana'iza ba. Ta waya ta ji kukan 'yarta, ta ji ana zuba ƙasa. Daga ranar ta lulluɓe keken ɗinki, ta ja kujera gaban talabijin. Idan aka nuna bene ya rufta a Gaza, ƙura ta turnuƙe, sai ta gyara zama ta ce, "Ƙara musu." Idan aka nuna uwa rungume da 'yar ƙaramar gawa a farin ƙyalle, ba ta kawar da kai. Takan ce, "Nawa ma mace ce ta haife shi."

A garin akwai Bafalasɗine guda, Likita Wa'il. Karatu ya kawo shi ƙasar tun zamanin 'yan gurguzu, ya auri 'yar garin mai suna Veta, ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya a layin kasuwa. Shi da Marcu abokan dara ne. Kowace Lahadi sukan baje allon a inuwar inabin tsakar gida suna wasa suna tsokanar juna.

"Kun cinye mana ƙasa, yanzu kuma wasan za ka cinye da maguɗi?"

"Ƙasar ta kakana ce, wasan kuma ba ka iya ba ne, Balarabe."

Sai dariya, Bluma ta kawo shayi. Ranar da ran Marcu zai fita, hannunsa na cikin na Wa'il.

Da labarin Yotam ya iso, likitan ya zo gaisuwa. Bluma ta leƙa ta labule ta gan shi tsaye da hula a hannu, ta saki labulen. Ya ƙwanƙwasa, ya jira, ya gaji ya tafi. Kafin sanyi ya kankama shi ma nasa ya same shi. Bam ya faɗa kan gidan ƙanwarsa Nawal a Khan Yunis, da ita da 'ya'yanta da jikokinta, ba wanda ya fita. Bluma ta ji a bakin mai sayar da burodi, ta karɓi burodinta ta wuce gida.

Ɗan likitan, Tarek, malamin lissafi a sakandaren garin, shi ne ya kasa haɗiye abin. Ya fito dandali da tutar Falasɗinu da kyandirori da hotunan danginsa, wasu ɗalibai da 'yan tsirarun mutane suka tsaya tare da shi. Bluma na dawowa daga kasuwa ta ci karo da su. Ya hango ta, ya taho da kyandir a hannu.

"Tanti Bluma, zo ki kunna ɗaya. Har da Yotam muke yi wa."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Kada sunan nan ya sake fitowa daga bakinka," ta ce, ta ratsa ta tsakiyarsu ba ta waiwaya ba.

Wata safiyar Juma'a, ƙanƙara ta fara narkewa, ta hau tudu don ta share kabarin Marcu. Tun daga nesa ta ga ƙofar maƙabartar a ɓalle. Ciki kuwa kamar an saki shanu. An ture duwatsu, an bi wasu da guduma, an watsa jan fenti ko'ina. A jikin katanga an rubuta "Gaza" da manyan baƙaƙe, ƙarƙashinsa "Masu kashe yara". Dutsen Marcu an raba shi uku. Ɓangaren da sunansa yake ya kife a cikin laka.

Ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa ta juyo shi, ta goge lakar da gefen mayafinta, ta zauna a ƙasa mai sanyi har 'yan sanda suka iso.

Sufeto Rusu, mai ƙaton tumbi da muryar lallashi, ya tsuguna kusa da ita. "Madam Bluma, abin bai yi daɗi ba. Amma kin san yara da giya. Ko kin ga wani yana shawagi nan kwanakin nan?"

Ta ɗaga kai ta dubi jan rubutun. Ba ta ga kowa ba. Amma bakinta ya buɗe, maganar ta fito sumul kamar ta daɗe da shirya ta.

"Na ga Tarek, ɗan likita. Jiya da yamma, a bakin ƙofar nan, da jaka a kafaɗa."

Fuskar Rusu ta washe kamar wanda aka sauke wa kaya. Ranar Litinin aka shiga aji aka fito da Tarek a gaban ɗalibansa. An sake shi bayan kwana biyu, amma makaranta ta dakatar da shi, iyayen yara suka fara tsallaka titi idan sun hango Veta. Ba a yi mako ba aka farfasa tagogin ɗakin likitan.

Bluma ta ji daɗi, ba ta ɓoye wa kanta ba. A karo na farko tun Oktoba ta ci abinci ta ƙoshi. A kasuwa mutanen da ba su taɓa yi mata sannu da rashi ba suka riƙa tare ta. Cikinsu har da Nelu Bazgan, mai gidan abinci na bakin dandali, ƙato jajir mai wuya kamar na sa, hannunsa na dama naɗe da bandeji.

"Tanti, wallahi raina ya ɓaci. Larabawan nan ai ba mutane ba ne. Mun ba su wuri sun zauna, ga sakayya."

"Me ya sami hannun?"

"Injin niƙa nama ne, Tanti. Tsautsayi."

Ta yi masa sannu.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, Wa'il ya sake tsayawa a ƙofarta. Wannan karon ta buɗe.

"Yau kin buɗe," ya ce.

"Na buɗe in ga fuskarka."

"To ga ta, kalla da kyau."

Ya rame, gemu ya fito fari fat. Ya shigo amma bai zauna ba.

"Madam Bluma, ƙarya kika yi wa ɗana. Na sani, kin sani. Yammacin nan yana gida yana duba takardun jarrabawa, ni na kai masa shayi."

"Idan ba shi ba ne, irinsa ne. Duk ɗaya kuke."

"Haka wanda ya saki bam kan Nawal ya ce."

"Haka wanda ya harbi Yotam ya ce."

Wa'il ya tsare ta da ido. Can ya sauke numfashi.

"Ban zo mu auna gawa da gawa ba. Na zo in gaya miki wanda ya fasa kabarin abokina. Safiyar Juma'ar nan, tun kafin ki hau tudu, ina buɗe ɗaki sai ga Nelu Bazgan, tafin hannu a tsage, tsakuwar dutse a cikin raunin, hannun riga duk jan fenti, yana warin giya. Ina ɗinke shi yana dariya. Ya ce, 'Likita, yau kai ne za ka gode min. Aikinku na yi, na rama muku.' Na ce wane aiki? Ya ce, 'Hau tudu ka gani.'"

Bluma ta dafa bayan kujera. "Kai kuma ka yi shiru."

"Na yi shiru. Na ce a raina, su ma su ɗanɗana. Ina so in ce miki ban san har da Marcu ba, amma gaskiya ban tambaya ba ne." Ya juya hular a hannunsa. "Da aka kama Tarek na je na faɗa wa Rusu. Ya ce uba ne ke kare ɗansa, in je gida in huta. Nelu bai san inda Gaza take ba, Madam Bluma. Ki ba shi taswira, Turkiyya zai nuna miki. Abokan shan giyarsa ne suka fasa min taga suna ihun Larabawa su koma gida. Ku ya tsana tun yana cikin zanen goyo. Mu kuwa sunanmu kawai ya ara."

Ya fita, ya bar ƙofar a buɗe.

Ta daɗe a tsaye. Gidan abincin Bazgan kowa ya san asalinsa, ba a dai faɗa ne. Gidan kawunta ne, Zalman. Lokacin yaƙin duniya na biyu, shekarar da aka loda Yahudawan garin a taragun shanu aka kai su sansanonin mutuwa, mahaifin Nelu ya shiga gidan tun tukunyar da ke kan murhu ba ta huce ba, kuma bai sake fita ba. Daga baya, da manyan motoci suka fara kawo Yahudawa daga Isra'ila ziyarar kaburburan kakanni, a wurin Nelu suke cin abinci. Har gaisuwarsu ta "shalom" ya koya, yana rusunawa yana washe baki. Yaƙin Gaza ya tsayar da motocin, tebura suka yi ƙura, Nelu ya koma shan abin da ya kamata ya sayar.

Amma Bluma ta riga ta yarda da zuciyarta sau ɗaya ta kai ta ta baro. Tana son ta ji da kunnenta. Ba ta ma nema ba, abin ya kawo kansa. Washegari Lenuta, matar Nelu, ta zo da ƙatuwar jaka. 'Yarsu Otilia za ta yi aure, an sayo riga daga birni, ta yi tsawo kuma ƙugu ya yi yawa.

"Na san kin ajiye ɗinki, Tanti, amma ke kika yi tawa. Ba na son hannun kowa ya taɓa ta yarinyar nan sai naki."

Bluma ta baje farar rigar a kan tebur tana shafawa. "Yaya hannun maigidan?"

"Da sauƙi. Kwalba ce ta fashe masa."

"Ni injin nama ya ce min."

Lenuta ta yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. "Ai kin san maza."

"Fentin fa? Ya fita daga rigar, ko ƙona ta kika yi?"

Jini ya bar fuskar matar. Ta kama hannun Bluma da hannu biyu. "Tanti, don girman Allah. Ya sha ne, bai san abin da yake yi ba. Bikin yarinya ya matso. Uban angon tsohon alƙali ne daga birnin Iasi, mutane ne masu mutunci. Idan suka ji, shi ke nan. Ki rufa mana asiri, zan sa shi ya gyara komai da hannunsa."

Bluma ta zare hannunta a hankali. "Turo min yarinyar gobe in gwada ta."

Ta yaye lulluɓin keke. Ta yi wa rigar nan aikin da ba ta taɓa yi wa wata riga ba. Otilia ta tsaya gaban madubi tana juyi, ta rungume ta ta sumbace ta a kumatu. Bluma ta ce, "Tsaya cak, kada allura ta soke ki."

Daga nan ta tafi ofishin 'yan sanda ta ce wa Rusu ba ta ga Tarek ba, ƙarya ta yi, kuma ga wanda ya yi aikin. Rusu ya shafa tumbi.

"Madam Bluma, shekaru ne. Jiya kin ga wannan, yau kin ga wancan. Ɗan likita za mu cire sunansa, ba damuwa. Amma Nelu? Da wace shaida? Maganar Balaraben da ɗansa ke cikin rigima, da ta tsohuwar da ta ce da bakinta ta yi ƙarya? Je ki gida ki sha shayi."

Nelu ne ya riƙe ɗan Rusu a coci ranar da aka yi masa baftisma. Wannan ma kowa ya sani.

Ba gida ta tafi ba. Ta wuce layin kasuwa, ta sami Wa'il a ɗakinsa, kwali a madadin gilashin taga, ba mara lafiya ko ɗaya a kan benci.

"Na janye maganata a kan ɗanka."

"Ya ji. Bai ce a gode miki ba, ni ma ban ce ba."

"Ban zo karɓar godiya ba. Ranar Lahadi ake bikin 'yar Bazgan. Zan kai gudummawa. Ina son ka tsaya a bayana ka faɗi abin da ka gani."

Ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau. "Ranar bikin yarinya? Me ta yi miki?"

"Me Marcu ya yi masa? Me Tarek ya yi min?" Ta ɗaura mayafinta. "Idan tausayi ya kama ka, zauna. Ni zan je."

Ya dubi kwalin taga. "Ƙarfe nawa?" ya ce.

Ranar Lahadi rana ta fito tas. An dawo daga coci, an jera tebura a farfajiyar gidan abincin, masu goge da akodiyon, abin kiɗan nan da ake ja ana matsewa, suna ta yi, ga tuwon masara da kabeji naɗe da nama, ga gasasshen alade, giya kamar ruwa. Mai ɗaukar bidiyo na zagayawa. Bayan an ci an sha, uban biki ya ɗauki makirufo ya fara bin tebur-tebur yana shelar abin da kowa ya kawo wa amarya da ango, ana tafi.

A lokacin Bluma ta shigo, cikin baƙaƙen kaya tun daga kai har ƙafa. Direban tasin da ya kawo ta na biye da wani ƙunshi mai nauyi a farin ƙyallen tebur, yana nishi, bai san abin da ya ɗauko ba. Wa'il na bayansu cikin kwat ɗinsa. Lenuta ta hango su ta miƙe tsaye, cokali ya faɗi daga hannunta. Otilia kuwa murna ta yi. "Tanti Bluma ta zo! Ku ba ta kujera!"

"Ba zama zan yi ba, 'yata. Gudummawa na kawo."

Ta nuna babban tebur, gaban Nelu. Direban ya dire ƙunshin, kofuna suka yi tsalle. Uban biki, wanda ya riga ya yi tatil, ya miƙo mata makirufo yana dariya. "To jama'a, mu ji abin da telarmu ta kawo!"

Ta kwance ƙyallen. Ɓangaren dutsen ne, da sunan Marcu da rubutun Ibrananci, jan fenti ya ratsa shi. Goge ya yi shiru, akodiyon ya ja numfashi ɗaya ya mutu.

"Wannan kan mijina ne," ta ce, muryarta ba ta rawa. "Yawancinku shi ya gyara muku agogo. Uban amarya ya yi wahala a kansa, har ya ji ciwo a hannu. Na ga bai kamata aikinsa ya tafi a banza ba, shi ne na kawo masa ya ajiye a gidan kawuna Zalman, tunda nan ne ake ajiye kayanmu."

Nelu ya yi dariya da ƙarfi yana waige-waige. "Tsohuwar nan ta zare! Ku fitar da ita. Kowa ya san ɗan Balarabe ne ya yi!"

Wa'il ya matso ya karɓi makirufo. "Ni na ɗinke hannun nan, safiyar da aka fasa maƙabarta. Ni na ciro tsakuwar dutse daga ciki. Ka ce min aikinmu ka yi. Ban aike ka ba, Nelu. 'Yar uwata da ke ƙarƙashin ƙasa ba ta aike ka ba. Buɗe tafinka mutane su ga ɗinkina."

Tsohon alƙalin, uban ango, ya ajiye kofinsa. Siriri ne mai farin gashi, bai ɗaga murya ba. "Suruki, buɗe hannun mana. Magana ta ƙare."

Da Nelu bai sha ba, wataƙila da ya san yadda zai zame. Amma tun safe yake zubawa, kuma bai taɓa zaton ranar da Bayahudiya da Balarabe za su tsaya masa a ka cikin gidansa, gaban surukansa ba. Wuyansa ya kumbura. Ya daki tebur da hannun mai tabon.

"Na yi! To na yi, sai me? Duwatsu ne! Su suna can suna kashe yara, ni don na fasa dutse za a tsare ni? Wannan ƙasarmu ce! Shekara nawa ina rusuna wa jidanai ina zuba musu miya kamar bawa? Babana ya faɗa, kuskuren da aka yi shi ne da aka bar ragowarsu!" Ya juya kan Wa'il. "Kai kuma baƙin kare, na yi maka alheri ka saka min da wannan? Da ku da su duk a tarago ɗaya ya kamata a zuba ku!"

Ba wanda ya motsa. Mai bidiyo bai sauke na'urarsa ba, kuma wayoyi sun fi ashirin a sama. Sufeto Rusu, da ke teburi na biyu da adiko a wuya, ya sunkuyar da kai yana kallon farantinsa kamar yau ya fara ganin kabeji.

Bluma ta tsaya tana kallon Nelu har ya gama, har ya fara jin abin da bakinsa ya faɗa, har idonsa ya sauka kan 'yarsa. Wannan kallon take jira, ta kuwa same shi. Otilia na tsaye cikin farar rigar, hannu biyu a kan baki. Alƙalin ya miƙe, ya ba matarsa hannu, suka nufi ƙofa, danginsu suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Angon ya tsaya tsakiyar fili, ya dubi iyayensa, ya dubi amaryarsa, bai san inda zai sa ƙafa ba.

"Ɗauko min kan mijina," Bluma ta ce wa direban. "Ya ga abin da ya zo gani."

Kafin Laraba bidiyon ya zaga ƙasar. Aka turo masu bincike daga babban birni, Rusu da kansa ya je ya taho da Nelu, yana ta ba shi haƙuri a hanya. Shari'a ta ja watanni. A ƙarshe aka yanke masa ɗaurin da ba zai shiga kurkuku ba sai in ya sake, aka ce ya gyara abin da ya fasa. Bluma ta ce hukuncin wasan yara ne. Amma gidan abincin bai sake buɗewa ba, kuma Nelu ya daina fitowa dandali.

Garin bai yafe mata ba. Waɗanda suka tare ta da sannu a kasuwa suka koma kawar da kai. Ana cewa abin da Nelu ya yi bai kyautu ba, amma ita ma ta cika baƙar zuciya, ai irinsu haka suke, ba sa mantuwa. Har tsofaffin majami'a suka yi mata faɗa, suka ce ta jawo musu ido. Ta ce musu idon dama yana kansu, su ne suka rufe nasu.

Makaranta ta kira Tarek ya dawo, ya ƙi. Ya ce ba zai iya tsayawa gaban yaran da suka ga an fita da shi ba. Ya sami aiki a Cluj ya tafi, Veta ta bi shi. Wa'il ya tsaya sayar da kayan ɗakin duba marasa lafiyarsa. Ranar da zai bar garin suka haɗu da Bluma a bakin tasha, ita za ta hau tudu, shi da akwati.

"An ce an kafa sabon dutse," ya ce.

"An kafa. Ba ka je ka gani ba."

"Na je jiya. Na gaya wa Marcu zan tafi." Ya gyara riƙon akwatin. "Har yanzu kina kallon talabijin?"

"Ina kallo."

"Har yanzu kina cewa a ƙara?"

Ta dubi tudun. Can ta ce, "Wani lokaci."

Ya gyaɗa kai kamar likitan da ya ji abin da dama ya zata. "Ban yafe miki ba, Madam Bluma."

"Ban roƙa ba. Ni ma ban yafe maka shirunka ba."

"Ki riƙa shan maganin hawan jininki," ya ce, ya shiga tasha.

Da lokacin kaka ya zo, ganye ya fara zuba, aka ƙwanƙwasa mata ƙofa da rana tsaka tana yanka albasa. Otilia ce, ta rame, gashi a ɗaure ba kwalliya. Auren bai mutu ba, ta ce, amma suna zaune a ɗaki ɗaya na haya a Iasi, surukanta ba sa amsa gaisuwarta, mahaifiyarta kuma ba ta fita ko coci.

"Ban zo faɗa ba, Tanti. Abin da Baba ya yi, na ji kunyarsa har raina. Tambaya ɗaya ce ke hana ni sukuni. Akwai Litinin, akwai Talata, akwai duk ranakun duniya. Me ya sa sai ranata?"

Bluma ta goge hannu a jikin ƙyallen girkinta. Ta dubi yarinyar ido cikin ido.

"Saboda ita ce ranar da za ta fi yi masa ciwo."

"Ni fa?"

"Ke kina wurin ne kawai. Haka abin yake, wanda ke wurin shi yake samu."

Hawaye ya cika idon Otilia, amma ba ta bar shi ya zubo ba. "Kina ɗinka min riga kina sane."

"Ina sane."

"To kin huce?"

Bluma ta yi tunani da gaske, don yarinyar ta cancanci amsar gaskiya. "Na ji daɗi," ta ce. "Hucewa kuwa, ban sani ba tukuna."

Otilia ta juya ta sauka matakala. Bluma ta bi ta da kallo har ta sha kwana, sannan ta rufe ƙofa ta koma madafa. Mai ya riga ya yi zafi yana hayaƙi. Ta kwashe albasar ta zuba.